Tarihin Gaisuwar Bukukuwan Lokacin Ɗari a Ƙasar Arewa (Dogon Dutsi da Tibiri)

1. Gabatarwa

Tun daga samun mulkin kai, ranaku uku suka riƙa biyo juna cikin kalandar gwamnatin Nijar a daidai lokacin da ɗari ya kankama, hatsi kuma ya shiga rumbu: 18 ga Disamba, ranar da aka kafa Jamhuriya a shekara ta 1958, 25 ga Disamba, ranar Nowel, wadda Hausawan Nijeriya suka fi sani da Kirsimeti, sai 1 ga Janairu. Dokar ranakun hutu ta 1997 ta jera su duka uku tare da sallolin Musulmi. A wasu shekaru kuwa ɗaya daga cikin sallolin nan takan faɗo cikin waɗannan makwanni.

Saboda haka duk wanda aikinsa ya haɗa shi da jama'a a wannan lokaci, ko malamin makaranta ne, ko mai karanta gaishe-gaishe a rediyo, ko mai rubuta littafin yaƙi da jahilci, dole ya zaɓi irin gaisuwar da zai yi: ko ya ambaci bukin addini da sunansa, ko ya nemi kalmar da za ta game kowa. Wannan maƙala tana bin tarihin zaɓin nan a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, cikin jihar Doso. An ɗauki wannan yanki ne domin addinin gargajiya ya daɗe da ƙarfinsa a cikinsa fiye da yawancin ƙasar Hausa, kuma Musulunci da addinin Kirista sun tarar da shi a raye. Manufa ita ce a nuna cewa harshen Hausa ya tanadi hanyoyin warware matsalar tun kafin a ba ta suna, kuma masu tsara karatu za su amfana in sun san waɗannan hanyoyi kafin su shiga fassara daga Faransanci.

2. Ƙasa da mutanenta

Ƙasar Arewa tana shimfiɗe ne a kwarin Dallol Mawri. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba gundumar Dogon Dutsi mutum kimanin 370,000, ta ba Tibiri kimanin 270,000, bayan an raba su biyu a 2011. Wannan Tibiri dabam take da Tsibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi. Wani ɓangare na Arewa kuma yana cikin jihar Kabi ta Nijeriya, wajen Kangiwa, tun da yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898, 1904 da 1906 suka ja iyaka suka sake gyara ta.

Bisa ga tarihin baka, wanda Marc-Henri Piault ya tattara ya buga a 1970, jama'ar ƙasar ta ginu a kan rukuni biyu. Akwai Gubawa, masu ƙasa, waɗanda ke riƙe da alkawarin da ke tsakanin mutane da iskoki. Manyansu su ne Sarauniya ta Lugu da Baura na Bagaji, kuma a Lugu ne dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa shari'a. Akwai kuma Arawa, masu sarauta, waɗanda ke danganta kansu da Ari, ɗan sarkin Barno, kuma daga cikinsu ne sarautar Matankari da ta Tibiri da sauransu suka fito. A cikin ƙarni na 19 sarakunan Arewa, har da Samna na Tibiri, sun haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa suka yi ta gwabzawa da Gwandu. Dalili ke nan da ya sa jihadin 1804 bai sauya addinin talakawan wannan ƙasa ba yadda ya yi a Sakkwato ko Katsina. A watan Afrilu 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, Sarauniya ce ta tare ta, kuma garin azna ne aka ƙone.

Musulunci ya yaɗu cikin talakawan Arewa ne musamman bayan yaƙin duniya na biyu, ya ƙara sauri bayan 1960, ta hanyar fatauci da cin rani da aikin gwamnati. Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogon Dutsi tun ƙarshen shekarun 1980, ta bayyana a littafinta na 2001 yadda ƴan bori suka wayi gari sun zama ƴan kaɗan a garin da kakanninsu suka kafa. Ƙidayar 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulmi ne. Wannan adadi yana da muhimmanci ga batun gaisuwa, domin inda masu rinjaye suka kai haka, da wuya su lura cewa akwai zaɓi. Marasa rinjaye ne ke jin nauyin kowace kalma.

3. Gaisuwar yanayi da ta aiki

Akwai wani rukunin gaisuwa a Hausa wanda bai ambaci salla ba, bai ambaci annabi ba, bai kuma ambaci iska ba. Sigarsa tambaya ce da ke farawa da “ina”, amsarta kuma tsayayya ce:

Ina kwana? Lafiya lau (a bakin Arawa: lahiya lau).
Ina gajiya? Ba gajiya.
Ina aiki? Aiki da godiya.
Ina ruwa? Ruwa ya yi gyara.
Ina ɗari? Ɗari lokacinsa ne.
Ina labari? Sai alheri.

Abin da ake tambaya a nan shi ne halin da mai magana da mai sauraro suke ciki tare. Ɗari bai san Musulmi ba, bai san azne ba. Saboda haka “ina ɗari” ita ce gaisuwar wannan lokaci da ta game kowa a Arewa, kuma tana aiki tun daga Nuwamba har Fabrairu ba tare da ta jira wata ranar kalanda ba.

Wannan ya dace da yadda azna ke lissafin shekara. Shekarar noma tana bin damana, kaka, ɗari, rani da bazara, manyan hidimominta kuma suna rataye da gona da daji: watan bakwai, wanda ake jiran ruwan shuka a cikinsa, shan kabewa na ƴan bori bayan amfani ya nuna, buɗin daji, wanda ya fi shahara a Masallata kusa da Birnin Ƙonni. A wannan lissafi babu wata rana da ake kira ƙarshen shekara a tsakiyar ɗari. Abin da ke akwai shi ne wadatar bayan kaka, lokacin aure da kokowa da farauta da tafiya cin rani. Bukukuwan Disamba na yanzu sun sauka ne a kan wannan lokaci, shi ya sa suka sami karɓuwa ko ga waɗanda ba su damu da asalinsu ba.

Ya kamata a lura cewa ko cikin wannan rukuni akwai kalmomin aro daga Larabci: “lafiya” da “alheri” da “labari” duk daga can suke. Sai dai tsawon zamani ya wanke musu launin addini, har babu mai jin su ya ce an kira shi zuwa wani tafarki. Asalin kalma dabam, matsayinta a kunnen mai sauraro dabam, kuma na biyun ne ya shafi mai tsara littafi.

4. “Barka da salla” da faɗaɗar ma'anarta

Rukuni na biyu shi ne mai sigar “barka da” a haɗa da suna. “Barka” ta samo asali daga baraka ta Larabci, “salla” kuma daga salat. Sigar kanta ba ta keɓanta ga addini ba: ana cewa barka da asuba, barka da zuwa, barka da aiki, barka da arziki ga wanda ya tsira daga haɗari, barka da sauka ga mai jego. A duk waɗannan misalai sunan da ke biye da “da” yana nuna halin da wanda ake gaisarwa yake ciki. Mai cewa “barka da zuwa” ba shi ne ya yi tafiyar ba, mai cewa “barka da sauka” kuma ba shi ne ya haihu ba. In aka bi wannan ƙa'ida ta nahawu, mai cewa “barka da salla” yana shaida ne cewa maƙwabcinsa ya kai ranar sallarsa lafiya. Wanda ya yi sallar tare da shi sai ya amsa “barkanmu dai”, watau ya jawo mai gaisuwar cikin abin da “mu”. A amsa ne ake nuna tarayya.

Wannan tsari ya sauƙaƙa zaman Musulmi da azna a gari ɗaya, sau da yawa ma a gida ɗaya. Ranar layya ana aika nama gidan dangi ba tare da an tambayi wanda ke salla ba, yara kuma suna zagaya gidaje neman “barka da salla”, wadda a nan ma'anarta ta koma ƴar kyautar da ake ba su.

Kalmar “salla” ma ta faɗaɗa. Daga ibadar da ake yi sau biyar a yini, ta koma sunan ranar idi, ta shiga sunayen watanni, daga nan ta zama sunan kowace babbar ranar murna. A Hausar Nijar ana jin “sallar ma'aikata” game da 1 ga Mayu, ana jin “sallar Kirista” game da Nowel. Dalili ɗaya shi ne “buki” a wannan yanki ta fi karkata ga aure da suna da gudummawar da mata ke kai wa juna, don haka ba ta cika gurbin fête ta Faransanci ba.

Bayan “barka” kuma akan biyo da fata: Allah ya maimaita mana, Allah ya kai mu baɗi. Maƙwabta Zabarmawa suna da makamanciyar wannan, kay yeesi, wadda ita ma fatan ganin baɗi ce. Irin wannan fata tana ambaton Allah, amma ba ta ware kowa a Arewa ba, domin azna ma sun san Allah a matsayin mahalicci, ko da yake hulɗarsu ta yau da kullum da iskoki take.

Ita kuwa sallama, watau “salamu alaikum”, matsayinta dabam ne a wurin malamai. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa, tana da babi kan sallama da neman izini, inda aka hana Musulmi ya fara yi wa Bayahude ko Banasare sallama, aka kuma taƙaita amsar da zai mayar. Gaisuwar “ina” da ta “barka” ba su faɗa ƙarƙashin wannan hukunci ba kai tsaye, sai suka zama hanyar da malami da azne za su gaisa a kasuwa, kowa bai saɓa wa abin da ya riƙe ba.

5. Zamanin Turawa: Bonne année da Nowel

Mulkin Faransa ya kawo kalanda ta uku. Haraji da albashi da hutun lakkol duk sun koma bin watannin Turawa, 1 ga Janairu kuma ta zama ranar da sarakuna da ma'aikata ke kai wa kumandan gaisuwa. Al'adar ta zarce bayan 1960, aka riƙa kai wa shugaban ƙasa da wakilansa gaisuwar sabuwar shekara. Ta nan ne Bonne année ta shiga bakin tsofaffin soja da ƴan lakkol da masu aikin ofis, ta zama “bonane”. Ba ta ɗauke da sunan addini, amma tana ɗauke da alamar boko da albashi, don haka a ƙauye ba ta game kowa ba yadda “ina ɗari” ta game.

Addinin Kirista ya iso ta ƙofa biyu. Mishan ta SIM, wadda ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta buɗe tashoshi a Dogon Dutsi da Gesheme. Ma'aikatanta masu jin Ingilishi ne, da Hausa suke wa'azi, littattafansu kuma daga Nijeriya suke zuwa, ciki har da Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassararsa a 1932. Ta wannan ƙofa “Kirsimeti” ta shigo. Cocin Katolika kuwa ta kafa mishan a Dogon Dutsi a 1947, ta buɗe makaranta da Faransanci, ta nan kuma “Nowel” ta shigo. Ga shi buki ɗaya ya sami suna biyu a gari ɗaya, kowane suna yana nuna hanyar da ya biyo.

Abu biyu sun rage kaifin bambanci. Na farko, masu fassarar Littafi Mai Tsarki sun riƙe kalmomin da suka tarar, irin su Allah da albarka da salama, saboda haka fatan Kirista Bahaushe da na Musulmi Bahaushe kusan kalmominsu ɗaya ne. Na biyu, cocin Katolika a ƙarƙashin Hippolyte Berlier, bishop na farko na Yamai daga 1961 zuwa 1984, ta fi mai da hankali ga makaranta da asibiti da kyautata zama da Musulmi. Wannan ya zo daidai da matsayin da babban taron Vatican ya ɗauka a 1965 game da sauran addinai, da kuma saƙon barka da salla da fadar Paparoma ta fara aika wa Musulmi a 1967. Yawancin yaran da suka yi karatu a makarantar mishan Musulmi ne, kuma Musulmi suka fita, amma sun saba da jin Joyeux Noël da mayar da ita.

6. Inda kalandu suka haɗu

Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiya da kwana 11 ko kusa da haka, don haka kowace salla takan zagaya dukan yanayin shekara cikin shekara 33. Wannan lissafi ne ke kawo sallolin Musulmi cikin makwannin Nowel lokaci bayan lokaci. A 1968 ƙaramar salla ta zo sau biyu, a farkon Janairu da kuma wajen 21 ga Disamba. A 1974, shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki bayan babban fari, layya ta faɗo cikin makon Nowel. A 2000 ƙaramar salla ta zo kwana biyu ko uku bayan Nowel. A 2006 an yi layya a ƙarshen Disamba, ana gobe ko jibi sabuwar shekara, a 2007 kuma an yi ta jim kaɗan bayan bukin 18 ga Disamba. A 2015 Mauludi ya zo dab da Nowel. In an bi lissafin, ƙaramar salla za ta sake faɗowa cikin makon Nowel a 2033.

Darasin da ke cikin wannan jeri shi ne, a ƙasar Hausa ba a iya ɗaure gaisuwar addini da wani yanayi. Littafin karatu da ya zana layya cikin damana zai yi daidai na ƴan shekaru, sannan ya saɓa wa abin da mai karatu ke gani. Gaisuwar yanayi kuwa tana nan inda take kowace shekara.

7. Gardamar da ta taso bayan 1991

Tsarin mulkin 1960 ya kira Nijar jamhuriya laïque. A zamanin Diori Hamani da na Kountché kalmar ba ta tada ƙura a fili ba, domin gwamnati ce ke riƙe da bakin malamai, musamman bayan kafa Ƙungiyar Musulunci ta Nijar a 1974. Babban taron ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya buɗe ƙofa, ƙungiyoyin addini suka yawaita, suka kuma soki kalmar, wadda jama'a da yawa suka fahimta da ma'anar rashin addini. Tsarin mulkin 1992 ya kauce mata, na 2010 kuma, wanda aka dakatar a 2023, ya yi maganar raba gwamnati da addini. Wannan misali ne na yadda fassarar kalma ɗaya ke iya juya muhawarar ƙasa.

A cikin waɗannan shekaru ne Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta kafu a Dogon Dutsi. Masquelier ta ba da labarin rikicin da ya biyo baya a littafinta na 2009. Gaisuwa tana cikin abubuwan da aka yi jayayya a kansu: masu wa'azin Izala sun soki durƙusa wa manya, sun fifita sallama a kan gaisuwar al'ada, sun kuma ce bukin Mauludi bidi'a ne. Daga nan “barka da Mauludi” ta daina zama gaisuwar da kowane Musulmi zai karɓa. Haka nan saɓanin ganin wata kan sa wasu garuruwan bakin iyaka su yi salla rana ɗaya da Sakkwato, wasu su bi sanarwar Yamai, har “barka da salla” ta riski mutum yana azumi. Ashe ke nan matsalar zaɓin gaisuwa tana nan ko tsakanin masu alƙibla ɗaya.

Game da taya Kirista murnar Nowel, ra'ayoyin malaman waje sun iso ta kaset da rediyo, daga baya ta wayar salula. Masu hanawa suna kafa hujja da Ibn Ƙayyim da fatawar Ibn Usaimin na Saudiyya, suna cewa taya murna amincewa ne da aƙidar da bukin ya ginu a kanta. Masu halattawa, irin su Yusuf Alƙardawi da hukumar fatawa ta Masar, suna kafa hujja da ayar da ta yi umurni da mayar da gaisuwa a cikin Suratun Nisa'i, da wadda ta yarda a kyautata wa waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba a cikin Suratul Mumtahana. Hukunci tsakanin ɓangarorin nan aikin malaman fiƙihu ne. Abin da masanin harshe zai iya ƙarawa shi ne cewa gardamar ta ginu a kan kalmar tahni'a ta Larabci, alhali “barka da” ta Hausa tana da nata tsarin, kamar yadda aka nuna a sashe na 4.

Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, makwanni uku bayan Nowel, an ƙone coci-coci da dama a Damagaram da Yamai sakamakon zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, mutum goma kuma suka rasa rayukansu. Bayan wannan, ziyarar da shugabannin addinai ke kai wa juna ranar buki ta ƙara nauyi, rashin gaisuwa ma ya zama magana.

8. Kwatanci da wasu ƙasashe

A Amurka an yi ta ce-ce-ku-ce, musamman daga 2004 da 2005, kan ko kantuna da ofisoshi su ce barka da Kirsimeti ko su ce barka da hutu, har wasu suka kira abin yaƙi da Kirsimeti. A Faransa, inda dokar 9 ga Disamba 1905 ta raba gwamnati da coci, ofisoshi sun fi son Bonnes fêtes de fin d'année. A ƙasashen biyu gaisuwar da ta game kowa ita ce wadda aka cire wa sunan addini gaba ɗaya.

A Arewa lamarin ya sha bamban ta fuska biyu. Na ɗaya, bukin da ake gardama a kansa na marasa rinjaye ne, saboda haka shafe sunansa ba ya kare kowa. Kirista ne kawai zai ga an ɓoye ranarsa guda. Na biyu, cire sunan Allah daga fata ba ya ƙara yawan waɗanda ta game, tun da Musulmi da Kirista da azne duk suna amsa “amin” ga “Allah ya kai mu baɗi”. Jimlar “barka da bukukuwan ƙarshen shekara”, wadda ake gani a allunan talla da saƙonnin kamfanoni, fassara ce daga Faransanci kalma bayan kalma. Nahawunta daidai ne, amma ba ta da tsayayyar amsa, gaisuwar Hausa kuwa ba ta cika sai da amsarta.

9. Abin da ya shafi masu tsara karatu

Aikin yaƙi da jahilci a harsunan ƙasa ya soma a farkon shekarun 1960. Taron Bamako na 1966 ya tsara baƙaƙe, makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa ta buɗe a Damagaram a 1973, aka kafa INDRAP a 1974, taron Yamai na Janairu 1980 ya daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, ƙudurin 1999 kuma ya tabbatar da ƙa'idojin rubutu. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ma'anar wannan ita ce sanarwa da wasiƙu da jawaban da a da ake rubutawa da Faransanci za su ƙara fitowa da Hausa, gaisuwar da aka zaɓa a cikinsu kuma za ta zama abin koyi. Darasin gaisuwa yakan zo a shafukan farko na littafin koyon karatu, a nan ne babba mai koyo ke gane ko an rubuta littafin dominsa. Bisa ga tarihin da aka bayar, ga shawarwari biyar:

(a) A fara da gaisuwar “ina” tare da amsoshinta, a jera ta bisa yanayin shekara, domin ita ce ba ta tsufa kuma ba ta ware kowa.

(b) A koyar da “barka da” a matsayin siga mai karɓar sunaye iri-iri, a sa salla da shan ruwa da Nowel da sabuwar shekara cikin jeri ɗaya da zuwa da aiki da arziki, yadda mai koyo zai ga ƙa'idar da kansa.

(c) In ana magana da mutum ɗaya ko jama'ar da aka san bukinta, a kira bukin da sunansa. In taro ne gauraye, ko rediyo, a gai da kowane rukuni da nasa a ranarsa, a rufe da fatan da kowa ke amsawa.

(d) A ƙamus da jerin kalmomi a shigar da Nowel da Kirsimeti duka biyu, a nuna inda kowace ta fito. A kuma rubuta dukan ma'anonin “salla”.

(e) A rubuta daidaitacciyar Hausa a littafi, amma a bar malami ya karɓi furucin Arawa a baka, irin su “lahiya” da “Allah shi maimaita muna”, domin gyara wa dattijo gaisuwarsa ranar farko yakan hana shi dawowa rana ta biyu.

10. Kammalawa

An ga cewa gaisuwar lokacin ɗari a Arewa hawa huɗu ce: ta yanayi da aiki, ta sallolin Musulmi, ta ofis da ta mishan, sai kuma gyare-gyaren da wa'azin bayan 1991 ya kawo. Babu hawan da ya rushe na ƙarƙashinsa. Mutumin Matankari ko Kore Mairuwa yakan haɗa uku daga cikinsu a gaisuwa guda: ya yi sallama a ƙofa, ya tambayi ɗari, ya yi barka da abin da ya tarar ana yi. Aikin da ke gaban masu bincike shi ne ɗaukar irin waɗannan gaishe-gaishe a faifai a kasuwannin Dogon Dutsi da Tibiri, da Lugu da Gesheme, daga bakin maza da mata, tsofaffi da matasa, a kwatanta su da abin da ke cikin littattafan karatu, kafin sallar 2033 ta sake haɗa kalandun biyu cikin mako ɗaya.